Bin hadari da kyamara a filayen Amurka: sha'awa ce ko ganganci?

Abban Hanifa (Norman, Oklahoma):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga hotuna ukun da na yi alkawari. Ranar Asabar na ɗauke su a yammacin jihar Kansas, wajen ƙarfe bakwai na yamma, da sauran rana sosai don a ƙarshen Mayu sai tara saura take faɗuwa a can. Na farko hadarin ne gaba ɗayansa, kamar an jera faifai bisa faifai ana murza su a sama. Na biyu gindinsa ne, inda wani gajimare ya zazzago ƙasa kamar katanga yana juyawa a hankali. Na uku bayan ya wuce ne, ƙasan gajimaren ya yi kumburi-kumburi kamar hantsar saniya, rana ta buga masa ja. Guguwar da suke kira tonado ba ta sauka ba ranar. Mun yi kusan kilomita 1,100 zuwa da dawowa, sai biyun dare na shiga gida.

Ɗan Maraɗi:
Tabarakallah! Yaya, don Allah wannan na farkon ba haɗin kwamfuta ba ne? Ban taɓa ganin hadari mai siffa haka ba.

Abban Hanifa:
Ko kusa, ƙanena. Haske kawai na ɗan ɗaga. Ka je da idonka sai ka ga hoton ya rage masa kwarjini ma.

Anti Mai Studiyo (Kaduna):
Wa alaikumus salam. Shekarata 19 ina riƙe kyamara, saboda haka ba zan ce hoton bai yi kyau ba. Ya yi, musamman na ukun. Amma Abban Hanifa, bari in yi maka magana ta babbar yaya. Abin da kowa ke tattara 'ya'yansa ya gudu saboda shi, kai shi kake zuba mai a mota kana nema? Kana da mata da ƙaramar yarinya a ƙasar da ba ku da dangi. In wani abu ya same ka a wani daji na Kansas, wa zai tsaya musu? Ni abin nan bai kwanta mini ba, kuma gara in faɗa a gabanka.

Abban Hanifa:
Na gode Anti, kuma na san don kin ɗauke ni ƙani ne. Maman Hanifa ma ta faɗi fiye da haka. Amma ki ba ni dama in bayyana yadda ake yi, don ba wai mutum ya ga baƙin gajimare ya tuƙa cikinsa ba ne.

Garin da nake, a nan cibiyar hasashen mugun hadari ta Amurka gaba ɗaya take. Kullum suna fitar da taswira mai mataki biyar, daga ƙaramin haɗari zuwa mafi tsanani, tun kwanaki kafin ranar. Da safe mu duba, mu zaɓi gari ɗaya da muke zaton nan abin zai haɗu, mu je mu zauna a gidan mai muna jira. Wani lokaci awa huɗu kana kallon sama tas, a ƙarshe ka dawo da ƙunar rana kawai. In kuwa ya haɗu, akwai wurin tsayuwa. Yawancin irin wannan hadarin arewa maso gabas yake nufa, ruwa da ƙanƙara a gabansa da arewacinsa suke zuba, wurin da yake juyawa kuma yana can baya ta kudu maso yamma. Saboda haka mu kudu maso gabas muke tsayawa, inda sama take a buɗe, kuma ba na kashe mota sai na san hanyar da zan bi in fita ta kudu.

Ɗan Maraɗi:
To me ya sa can ne kawai? Mu ma ai muna da fili, daga Maraɗi har Damagaram ba dutse.

Malamin Jogarafi (Zariya):
Wannan tambayar ta shigo gonata. Fili kaɗai ba ya haifar da ita, ɗalibina. Abin da ya haɗu a tsakiyar Amurka ba kasafai ya haɗu a wani wuri a duniya ba. Daga kudu, iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga tekun Meziko ta kwarara arewa, babu wani dutse da ya gitta ya tare ta. Daga yamma, busasshiyar iska mai zafi tana gangarowa daga tuddan Meziko da duwatsun Roki ta hau kan mai laimar ta danne ta kamar murfin tukunya. Duk yini rana tana dafa ƙasa, tururi yana taruwa a ƙarƙashin murfin. Da la'asar in murfin ya ɓule a wuri guda, duk ƙarfin nan ta wannan kafar yake fita, shi ya sa za ka ga hadari ɗaya tal ya miƙe sama da kilomita 15 shi kaɗai a fili.

Saura juyawa. A ƙasa iska daga kudu take busowa, a can sama kuwa wata mai tsananin gudu daga yamma. Ka sa muciya tsakanin tafukanka biyu, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, me za ta yi? Murzawa. Iskar da ke hawa sai ta ɗaga wannan murzawar ta tsayar da ita, hadarin duka ya kama juyawa. Daga Afrilu zuwa Yuni abubuwan nan suka fi cin karo, a Teksas da Oklahoma da Kansas da Nebraska. Amurka tana samun tonado wajen 1,200 a shekara, babu ƙasar da ta kusa da ita. Amma mafi yawan hadarin da ke juyawa ba ya saukar da ita, kamar wanda Abban Hanifa ya ɗauko.

Baba Tsohon Direba (Funtuwa):
Ni ban san ilmin gajimare ba, amma na yi shekara 31 a kan titi. Ɗana, ni ba guguwar ce ta tsorata ni ba. Kilomita 1,100 a yini ɗaya, ka dawo biyun dare bayan ruwa ya jiƙa kwalta, ido ya gaji, ciki ba abinci sai shayi? Nan mutuwa take. Kuma wa ke tuƙi lokacin da kake kallon sama?

Abban Hanifa:
Baba, wallahi ka taɓo inda yake ciwo. Masu bin hadari da kansu sun yarda hanya ta fi cin su. A Maris na 2017 mutum uku suka mutu kusa da garin Spur a Teksas, motoci biyu na masu bin hadari suka yi karo a mararraba, ɗaya bai tsaya inda aka ce a tsaya ba. A ƙarshen Afrilu na 2022 kuma ɗalibai uku masu karatun yanayi daga nan garinmu suka rasu a babbar hanya suna dawowa daga Kansas da dare, motarsu ta zame a kan ruwa babbar mota ta haye su. Hadarin ya riga ya wuce, gida suka nufa. Garin nan ya yi makoki ƙwarai.

Mu uku muke fita. Mai tuƙi ba ya taɓa waya ko kyamara, ɗaya yana kan taswira da na'urar rada mai nuna inda hadari yake, ni nake ɗauka, sannan mu yi canji. Amma maganar dawowa biyun dare, ba ni da ta cewa. Kamata ya yi mu kwana a hanya.

Baba Tsohon Direba:
To ka kwana. Kuɗin masauki bai kai kuɗin likkafani ciwo ba.

Anti Mai Studiyo:
Kana ta cewa kudu maso gabas, kudu maso gabas, kamar guguwar ta sa hannu a takarda cewa ba za ta canza hanya ba. Ba ka taɓa jin wanda ya fi ka sani kuma ta cinye shi ba?

Abban Hanifa:
Na ji, Anti, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar 31 ga Mayu 2013, kusa da El Reno, yamma da birnin Oklahoma. Ban zo ƙasar ba lokacin, amma duk wanda ya fara wannan harka sai an zaunar da shi an ba shi labarin. Guguwar ta fara ne tana nufar kudu maso gabas, wato daidai inda mutane suka saba tsayawa. Sai ta ƙara gudu, ta buɗe cikin 'yan mintuna har faɗinta ya kai kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa aunawa, sannan ta yi kwana ta koma arewa maso gabas. Ruwa ya lulluɓe ta, da yawa ba su san suna cikinta ba sai da iska ta fara jan motarsu. Mutum takwas ta kashe, dukansu a cikin mota. Cikinsu har da Tim Samaras, injiniya da aka sani da taka-tsantsan, wanda ya shekara da shekaru yana ajiye na'urorin awo a gaban guguwa, tare da ɗansa Paul da abokin aikinsa Carl Young. Kuma a daren, ambaliyar da ta biyo baya a birnin ta kashe fiye da waɗanda guguwar ta kashe, har da iyalan da suka ɓuya a magudanar ruwa don tsoron iska.

Ni abin da na ɗauka daga ranar shi ne nisa. Ba na kusantar gindin hadari, kilomita 10 zuwa 15 nake ba shi. In na ga irin wanda ruwa ya rufe gindinsa, ba na bin sa sam, don abin da ba ka gani ba za ka kauce masa ba. Kuma ki duba hoton farkon nan a matsayinki na mai sana'a: daga kusa ba za a taɓa samun sa ba. Wanda ya kutsa ciki toka-toka kawai yake ɗaukowa da ihu. Siffar hadari sai daga nesa.

Ustaz Abu Maryam (Gusau):
Bismillah. Tunda an tambaye ni a gefe, bari in faɗa a fili. Kallon halittar Allah don tunani abu ne da aka kwaɗaitar da mu, kuma tsawa ma tasbihi take yi. Amma ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, idan ya ga hadari ko iska ana ganin damuwa a fuskarsa, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka hankalinsa ya kwanta. Ya kuma koya mana mu roƙi alherin iska mu nemi tsari daga sharrinta. Sannan ga aya ta 195 a Baƙara da ta hana jefa kai cikin halaka. Ba zan ce abin da ɗan'uwa yake yi haramun ne kai tsaye ba, tunda yana ɗaukar matakai. Tambayata ɗaya: ban da kyan hoto, akwai wani amfani da mutane ke samu?

Abban Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, akwai, amma ba zan kumbura shi ba. Na'urar rada tana ganin juyawa a cikin gajimare, sai dai saboda lanƙwasar ƙasa, in hadarin ya yi nisan kilomita 100 abin da take gani ya wuce kilomita ɗaya a sama. Ba ta san ko guguwar ta taɓa ƙasa ba. Sai mutumin da ke wurin ya sanar da hukumar yanayi. Na yi horon da suke bai wa 'yan sa kai kyauta, kuma ina tura rahoto: girman ƙanƙara, ko gajimare yana juyawa, a wane titi. Gargaɗin tonado yawanci mintuna goma da 'yan kai yake ba mutane, saboda haka kowane minti rai ne. Tarihin abin ma haka yake. A Mayu na 1973 a Union City, nan Oklahoma, aka haɗa hotunan waɗanda suka bi guguwa da abin da rada ta nuna, daga nan aka gane alamar da ake gane ta da ita kafin ta sauka.

Amma gaskiya, Malam, yawancinmu ba masu bincike ba ne. Sha'awa ce ta fitar da ni, rahoton ya biyo baya. Akwai ranakun da za ka ga ɗaruruwan motoci sun yi jerin gwano a ƙaramar hanyar ƙauye, har da kamfanonin yawon buɗe ido masu karɓar dubban daloli a kan mutum ɗaya, motar asibiti ta rasa inda za ta bi. Wannan ba ni da hujjar kare shi.

Ustaz Abu Maryam:
Madalla da ka faɗi gaskiya. Ka gyara niyya, ka riƙe addu'ar, kuma kada ka fita sai da yardar iyalinka.

Anti Mai Studiyo:
Akwai abin da ya fi wannan damuna, kuma shi ya sa na ɗauki zafi tun farko. Shekara shida da suka wuce, iskar farkon damina ta yaye rufin gidan mahaifiyata gaba ɗaya. Kafin in iso da safe, hotunan ɗakinta sun riga ni yawo a waya. Gadonta, kwanukanta, zannuwanta a jiƙe a ƙasa, ita kuma tana zaune a gefe ba ko mayafin kirki. Samari suka tsaya suna ɗauka, ba wanda ya ɗaga kwano ɗaya. Tsohuwar nan ta fi kukan hoton a kan rufin. To idan na ga hoton guguwa mai kyau, ni gidan da ke ƙarƙashinta nake gani.

Abban Hanifa:
Allah ya ba Hajiya haƙuri, Anti. Wannan ya taɓa ni. Tsakanin garinmu da birnin Oklahoma akwai garin Moore, kullum nake ratsa shi. A 20 ga Mayu 2013 guguwa ta kashe mutum 24 a can, bakwai daga ciki yara ne a makarantar firamare. Maƙwabcina a Moore ɗin yake zaune lokacin, har yau in aka gwada jiniyar gargaɗi ranar Asabar da tsakar rana sai ya tashi ya shiga ɗaki. A gabansa ban taɓa nuna hotunana ba.

Dokarmu mu uku ita ce, in muka iso inda ta yi ɓarna, bin hadari ya ƙare ranar. Kyamara ta koma jaka, a kira masu agaji, a taimaka da abin da aka iya, in ba a buƙatar mu mu ba da hanya. Ba ni da hoton rusasshen gidan kowa, kuma ba zan yi ba.

Anti Mai Studiyo:
Wannan na yarda da shi. Sauran ban yarda ba tukuna.

Ɗan Maraɗi:
Yaya, ni fa na kamu. Hadari ya fara haɗuwa a nan. Daren yau zan hau saman benen maƙwabcinmu in ɗauki walƙiya da salula.

Malamin Jogarafi:
Kada ka kuskura! Saman bene a lokacin tsawa, kai ne abu mafi tsayi a unguwa. Kwarankwatsa tana iya faɗuwa nisan kilomita 15 daga hadarin, wurin da ko ɗigo bai sauka ba. In ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, ka raba uku, shi ne nisanta a kilomita. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ka shiga ɗaki, kuma ka jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe. Gindin bishiya ma a'a, nan ne take kashe makiyaya da shanunsu. Ba salular ce ke jawo ta ba kamar yadda ake faɗa, wurin da ka tsaya ne.

Abban Hanifa:
Ka ji maganar Malam. Daga cikin ɗaki ta taga, ko cikin mota mai rufin ƙarfe gilashi a rufe. Ni duk hotunan walƙiyata haka na ɗauke su.

Dabarar kuwa ba saurin yatsa ba ne, ba za ka taɓa riga walƙiya ba. Barin idon kyamara a buɗe ake yi ita ta zo ta rubuta kanta. Da babbar kyamara nakan kafa ta a kan mai ƙafa uku, in sa ma'aunin jin haskenta a ISO 100, buɗin idonta a f/8, in saita ganinta da hannu a kan abu mafi nisa, in bar ta a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 20, in yi ta maimaitawa. Cikin hoto 200 kana iya samun biyar. A salula, in tana da sashen saitawa da hannu ka yi haka. In babu, ɗauki bidiyo ka ciro hoton daga ciki. Ka cika safa da gero ka ɗaure, ka ɗora wayar a kai a bakin taga, ba za ta motsa ba. Ka kashe fitilar ɗakin. Kuma ka sa wani abu a ƙasan hoton, hasumiyar masallaci ko giginya, don a gane girman abin.

Malamin Jogarafi:
Bari in ƙara abu ɗaya da ya daɗe yana ci mini rai. Muna yaba hadarin Kansas, alhali namu yana cikin mafi ƙarfi a duniya, siffarsa ce daban. Namu layi yake yi, tsawon ɗaruruwan kilomita, ya taso daga gabas ya nufi yamma saboda wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas a tsayin kilomita uku zuwa huɗu. Shi ya sa tun kakanni gabas ake dubawa. Sanyin iskar da ke zubowa daga cikinsa ita ke tono ƙura ta tura ta gaba, holoƙon nan da ke mai da la'asar dare. Mafi yawan ruwan da gero da dawarmu ke sha daga irin waɗannan manyan layukan yake. Tonado ba ta cika samuwa a wurinmu ba saboda iskar kusa da ƙasa ba ta murzawa kamar tasu, guguwar rani da yara ke gudu kuwa zafin ƙasa ne kawai, ba ruwanta da hadari.

A 2006 masana daga Turai da Amurka sun kafa rada a Yamai musamman don nazarin hadarinmu. A 2017 kuma wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna yawan aukuwar hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun 1982. Ga shi rufi yana ta yayewa, amma hotunan kirki na hadarin kafin ya iso, masu kwanan wata da sunan gari, ba mu da su da yawa. Kuma ku ba sai kun bi shi ba, har ƙofar gida yake zuwa.

Ɗan Maraɗi:
(bayan kwana huɗu) Jama'a ga shi! Jiya biyar da rabi, ta tagar shagon yayana a bakin gari. Walƙiyar ba ta kamu ba, amma ku dubi katangar ƙurar nan, ja wur, ta shanye rabin sama. Minti shida bayan hoton ko tafin hannunka ba ka gani.

Anti Mai Studiyo:
Ƙanena, ka yi ƙoƙari. Layin ƙasan ya karkace hagu, ka daidaita shi. Wancan mai amalanken da ke gudu a gefe shi ya ba hoton rai, kuma ba a ganin fuskarsa, saboda haka ka bar shi. Ka rubuta rana da lokaci kamar yadda Malam ya ce.

Abban Hanifa:
Wallahi da a nan ne ka ɗauki wannan, da masu bin hadari sun yi ta yaɗa shi. Ka adana asalinsa, kada ka dogara da wanda ka turo nan don an matse shi.

Ni kuma gobe taswira ta nuna mataki na huɗu, kuma a kanmu ne, ba a Kansas ba. Iska ta cika laima, irin ranar da ruwa ke rufe gindin hadari, ga cunkoson birni. Ba inda za ni. Na share ramin ɓuya da ke ƙasan garejinmu, na sa ruwa da tocila da takalman Hanifa.

Anti Mai Studiyo:
Allah ya tsare. In jiniya ta yi shiru ka turo mana saƙo, ko ƙarfe nawa ne a nan.

Baba Tsohon Direba:
Amin. Ka shigar da motar ciki saboda ƙanƙara.

Abban Hanifa:
Alhamdu lillahi, mun fito. Minti 25 muka yi a ramin, Hanifa ta yi barci a kafaɗar uwarta. Ta arewa da mu ya bi. Ƙanƙara kamar ƙwan kaza ta fasa tagar kicin, motar tana ciki Baba, ba abin da ya same ta. Wuta ta ɗauke, zan leƙa maƙwabcina in gani ko yana lafiya sannan in kashe waya.